Abin da Gwaggo Nagode Ta Tsinta a Durowata

Assalamu alaikum, mutanen wannan shafi. Don Allah kada wadda ta turo mini "ki yi haƙuri 'yar uwa" kafin ta kai ƙarshe, domin haƙurin na yi shi har ya fara yi mini yawa. Sunana Ramla, malamar aji huɗu ce ni a wata firamare a Talata Mafara. Saura wata biyu a ɗaura mini aure da Mukhtar, ɗan wasu dillalan shanu na Maradun, gwaggonsa ta buɗe durowata.

Sai na fara gabatar muku da mahaifiyata, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Hajiya Taibatu mai Ba Tsufa. In dai ke matar aure ce tsakanin Jangebe da Bakura, ko kin sha tsuminta ko an yi miki tallarsa a gidan suna. Rake ne da kanumfari da mazarƙwaila da wasu saiwoyi da ko ni ba ta yarda na ga kamarsu ba. Tallar kuwa ita ce da kanta. Shekarunta hamsin da biyu a katin zaɓe, arba'in da ɗaya a bakinta. Abin da take gaya wa mata shi ne, duk wadda ta riƙe Ba Tsufa jinin al'adarta ba zai ɗauke ba, kuma ba za ta san zafin nan da ke taso wa mace in ta manyanta ba.

Har shaida take kafawa. Duk wata sai ta zaɓi kwana biyar, in aka kira la'asar masu saye suka tashi alwala, ta miƙe ƙafa a tabarma ta ce da ƙarfi, "Ku yi taku, ni yau ban da salla." Mata su dubi juna, a ƙara galan guda. Suna fita ta faɗa ɗakina ta turo ƙyaure ta tayar da salla a gurguje, ni kuma in tsaya gadin ƙofa ina yi wa kaina da ita istigfari.

Gaskiyar magana, jinin ya ɗauke shekara biyu da suka wuce. Da ya tafi bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da barcin Inna da haƙurinta. Tana zaune lafiya lau sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo har ɗankwali ya jiƙe. In da baƙi, sai ta ce za ta duba tukunya. Ta yi faɗa da ni, ta yi da ƙanwata Suwaiba, ta yi da akuya. Babanmu, manomin shinkafa a fadamar Bakolori, ya fara daɗewa a gona har bayan an gama girbi. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an zargi wata maƙwabciya da ba ta ji ba ba ta gani ba. Da komai ya ƙi, na lallaɓa ta muka tafi Gusau wajen wata likitar mata. Inna ta sa niƙabi da safar hannu da ta ƙafa, ta ce a mota in kira ta Gwaggo.

Likitar ba ta da gaggawa. Ta gwada jininta, ta duba ƙirjinta, ta tambaya ko jini ya taɓa daskare mata a ƙafa, ko akwai mai ciwon dajin mama a dangi. Sannan ta ce, "Hajiya, ba sammu ba ne. Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi, istirojin. In shekaru suka ja sai ya ragu, shi ne jiki ke wannan bore. Za mu mayar miki da kaɗan. An taɓa cire miki mahaifa?"

"A'uzubillahi! Mahaihwata na nan daram."

"To dole mu haɗa miki da na biyu, furojestiron. Wadda aka cire wa mahaifa ita ke amfani da na farko shi kaɗai. Mai mahaifa in ta yi haka bangon mahaifar yana kauri, yana iya zama ciwo."

Ta jawo durowa ta fara fito da kaya tana jerawa a tebur. Akwai ƙwaya da ake sha kullum. Akwai man da ake shafawa a dantse ko cinya sau ɗaya a rana, a bar shi ya bushe kafin a sa tufa.

"Mata na shahwa hannuna su ji laushi," in ji Inna ta cikin niƙabi. "In sunka ji danƙo mi za ni ce?"

Akwai na fesawa, shi ma a fata. Akwai 'yar robar da ake sawa a mahaifa, ta riƙa ba da sinadari na biyun har shekaru ba sai an sha ƙwaya ba.

"Irin ta tsarin iyali? Ni da girmana?"

"Akwai kuma na matsi, in bushewar gaba ce kaɗai matsalar."

Nan Inna ta ɗaga niƙabi. "Likita, matsi kam kada ki koya mani. Sana'ata ta."

Likitar ta yi dariya har da share ido. Saboda jinin Inna yana ɗan hawa, ta ce filasta ta fi dacewa da ita, domin abin da ya shiga ta fata bai kai ƙwaya haɗarin daskarar da jini ba. 'Yar ƙarama ce, ana liƙa ta ƙasan ƙugu, a ɗuwawu ko cinya, ba a kai ta kusa da mama. A canja sau biyu a mako, kowane karo a sauya wuri. Sai ƙwayar furojestiron guda ɗaya kullum kafin kwanciya, mu dawo bayan wata uku a sake dubawa.

A tasha, kafin mu shiga motar Mafara, Inna ta damƙe wuyan hannuna. "Ke Malama, dube ni. In zancen ga ya hita ta bakinki, ban yahe maki nonon da kis sha ba." Na ce na ji. Da na san abin da ke gaba, da na nemi ragi.

Cikin 'yan makonni Inna ta dawo mutum. Tana barci, tana dariya, Baba ya tuna hanyar gida. Mata suka ce Hajiya me aka ƙara, ta ce wata saiwa ce aka kawo mata daga dajin Damaga. Tsakar gidanmu ta cika har ana zama a kan turmi. Maganin kuwa ɗakina aka kai shi, domin ɗakin Inna kowa na shiga. Na zuba shi a gwangwanin biskit, na tura ƙarƙashin siket-siket ɗina a durowa ta ƙasa. Litinin da Alhamis ni ke liƙa mata filasta. Don kada ta tsallake ƙwaya, na manna 'yar takarda a bayan katin maganin na rubuta ranakun mako da jan birona na gyaran jarrabawa. Ni a ganina tsari na yi.

Ranar wata Laraba ina makaranta, Gwaggo Nagode ta zo daga Maradun. Yayar mahaifin Mukhtar ce, ita ta raine shi, kuma ita ke haɗa lefe. Ta zo karɓar awo, wato rigata ɗaya da takalmi ɗaya da za a kai wa tela da ɗan kasuwa. Kun san yadda abin yake, ana cewa awo aka zo ɗauka, amma ɗakin yarinya aka zo gani, ko tana shara, ko tana ninke kaya. Inna na fama da masu saye, Suwaiba ta raka ta ɗakina. Aka miƙo mata riga daga rataye, ta ce ita mai ninki take so. Ta ja durowa ta sama, ta ja ta tsakiya, ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo ta ja ta ƙasa.

Suwaiba ta ce da Gwaggo ta fito, tsakiyar mata ta tsaya ta ɗaga katin maganin sama.

"Hajiya, wanga naki na?"

Inna ta dubi katin, ta dubi mata goma sha wani abu da ke riƙe da galan. "Ni? Ƙwayar asibiti ba ta taɓa wuce maƙoshina ba."

Gwaggo ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta yi sallama ba tare da ta taɓa furar da aka dama mata ba.

Ban san an yi ba sai washegari, ina cikin koyar da lissafi waya ta yi ƙara a jaka. Mukhtar ne. Shi da kullum yake farawa da "Gimbiya, an tashi lahiya?", ranar hoto kawai ya turo, katin maganin a kan tabarma, ga jan rubutuna ɓaro-ɓaro.

"Gwaggo ta kai ma Ɗanlami mai kemis a Bakura," ya rubuta. "Yac ce irin sinadarin da aka sa wa maganin hana ɗaukar ciki na."

Ɗanlami ke nan, mutumin da tun da ya buɗe shago ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Abin haushin, bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, dangin sinadarin ɗaya ne. Rabin gaskiya ya sani, ya cike ragowar da ƙarfin hali.

"Ba nawa ba ne," na rubuta.

"To na wa?"

Na rubuta "na Inna", na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Yara suna kallona, alli na hannuna.

"Ba zan iya faɗa ba. Ka yarda da ni kawai."

"Rubutunki na, Ramla. Na san jan bironki."

Shekara biyu muna tare bai taɓa kiran sunana tsirara ba. Wallahi ya yi mini ciwo fiye da zargin. Na juya wa allo fuska na yi kamar ina gogewa, har hawayen suka koma.

Da na dawo gida na tarar Inna ta riga ta yi nata maganin matsalar. Ta kwashe filasta da sauran ƙwayoyin ta zuba a masai, har wadda ke jikinta ta ɓalle. Na bi ta madafa tana juya tukunya.

"Inna, ki bar ni in gaya wa Mukhtar. Shi kaɗai."

"Shi kaɗai? Namijin da ad da gwaggo bakwai?"

"To ki ce naki ne na tsarin iyali. Ai kin ce kina al'ada, kowa zai yarda."

Ta ajiye muciya. "In ce ina hana haihuwa a bayan idon Babanku? Mutumin da shekara goma sha bakwai shina roƙon Allah ɗa namiji? In kashe aurena ki tsira da naki?" Ta ci gaba da juyi. "Zance na, za shi wuce."

Bai wuce ba. Ya hau babur ya zaga Maradun, ya shiga Bakura ranar kasuwa, ya dawo Mafara ya ƙara ƙiba. Wata ta ce an gan ni a Gusau da wata mata mai niƙabi, wai ita ke kai 'yan mata wajen likita. Shugabar makarantarmu ta fara amsa gaisuwata da ka. Mukhtar yana kan layi, ina ganin koren alamarsa, ba ya cewa komai. Ni kuma ina fushi da Inna fushin da ban taɓa yi da kowa ba, amma in na gan ta tsugune gaban tukunyar tsumin nan sai jikina ya yi sanyi. Da ita ta yi mini karatu, da ita ta zama Hajiya, kuma a duk garin nan ba wanda ke tsayawa ya saurari mace mai shekara hamsin sai in tana da abin da ake nema.

Mako biyu da kwana uku, ranar Asabar bayan azahar, Gwaggo Nagode ta dawo. Ta san Asabar ce ranar cikar gidanmu, ba kuskure ta yi ba. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ta sa rigar sanyi a kan atamfarta, ta rungumo wata baƙar leda. Daga yadda ledar ta yi tsini na gane takalmina ne da rigata ta zo mayarwa. Inna ta tare ta cikin leshi ruwan zuma, ta sha hoda da jan baki, aka shiga falo aka saki labule. Labulen gidanmu kuwa ido kawai yake tarewa.

Aka yi gaisuwa kamar ba komai. Ina gajiya, ina ruwa, ina mutanen Maradun, ya shanu, ya gwiwa, ya mai gida, aka koma kan gajiya aka sake zagayowa. Ina durƙushe a gefen kujera cikin hijabina na makaranta, ƙafata har ta mutu.

"Hajiya, mu ba hwaɗa munka zo ba," in ji Gwaggo daga ƙarshe. "Ɗanmu shina son ɗiyarku, har ya rame. Amma gidanmu ba mu sayen saniya sai mun buɗe bakinta. Ke Ramla, kina iya rantsuwa maganin ga ba naki na ba?"

"Wallahi tallahi, Gwaggo, ban taɓa shan ko guda ba."

Ta daɗe tana kallona. "Na ji. Mai salla ba ta wasa da wallahi." Har na fara sauke numfashi, sai ta ɗaga yatsu uku. "To gidan ga mata uku na. Hajiya ta hwaɗi gaban jama'a ba nata na ba. Ke kin rantse. Saura wa?"

Daidai lokacin Suwaiba ta ɗago labule da tire, ta kawo zoɓo. Shekarunta goma sha bakwai, bana za ta rubuta jarrabawar fita, yarinyar da har yau in an yi zancen aure a rediyo sai ta bar ɗakin. Gwaggo ta bi ta da ido tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

"Wato yaya ta ɓoye ma ƙanwa, har da rubuta mata ranakku. Allah Sarki. Irin wanga riƙon amana."

Suwaiba ta dube ni, ba ta ma gane abin da ake nufi ba tukuna, amma ta san da ita ake. A waje hirar mata ta ɗauke ɗif. Na san kafin magariba sunanta zai riga ni isa Bakura. Sai na yanke shawara, zan ce nawa ne, rantsuwar ƙarya na yi, in ya so Mukhtar ya tafi, in yi kaffara. Na buɗe baki, na juya in kalli Inna sau ɗaya kafin in faɗa.

Wuyanta ya yi jajir. Abin ya taso mata, bayan wata da watanni bai zo ba, kuma wannan karon ba tukunyar da za ta ce za ta duba. Zufa ta tsattsafo a goshinta, ta gangaro ta yi hanyoyi a cikin hodar, ta ɗiga daga haɓa zuwa kan leshi. Ɗankwalin ya fara baƙi daga gaba. Tana zaune ƙiƙam, hannuwa a cinya, tana numfashi ta baki.

Gwaggo ta daina kallon Suwaiba. Ta haura sittin, ba sai an yi mata bayani ba. Ta dubi rigar sanyin da ke jikinta, ta dubi Inna, sannan ta yi wani abin da ban zata daga gare ta ba, ta sassauta murya ta ba ta hanyar fita.

"Hajiya, ko zazzaɓi na? A kunna maki hwanka?"

Da Inna ta ce i, da an wuce wurin. Na ga ta buɗe baki za ta ce. Sai ta dubi Suwaiba da tirenta, ta dube ni.

"Bar hwanka, Nagode. Hwanka ba ta maganin wanga." Ta ciro ɗankwalin ta share fuska, hoda da jan baki suka tafi tare. Ba ta rage murya ba, ta ma ɗaga ta yadda na bayan labule ba za su wahala ba. "Maganin nawa na. Shekara biyu rabona da jini. Likita tab ba ni a Gusau, hilasta a ƙugu Litinin da Alhamis, ƙwaya guda kullum. Wagga ɗiya ita ka liƙa mani, ita ka tuna mani, ni kuma nir rantsar da ita da nonona. Tsumina na da daɗi, shina gyara jiki, amma ba shi tsai da shekaru. Ni ma bai tsai da nawa ba."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Mako biyu ina roƙon Allah ta faɗa, da ta faɗa kuma sai na ji da ma ba a gabana ba. A tsakar gida aka fara jin ƙarar silifa, ana ajiye galan a hankali, wata tana ce wa wata ta tuna ta bar wake a wuta.

Ƙofar zaure ta daina ƙara. Sannan Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauki zoɓon nan ta sha rabi, ta jawo baƙar ledar ta mayar ƙarƙashin hammata.

"Na ɗauki alhakin yarinya," ta ce. "Amma ki sani, Hajiya, gida goma sha ɗaya nis shiga da zancen ga, Maradun da Bakura, kuma dut masu sayen tsuminki na. In za ni wanke ta, sai na koma gida-gida na hwaɗi abin da kunnena yaj ji yanzu, ba ragi. In kin ce in bari, sai in bari, a ce dai an shirya."

Ku da ke karatu, kada ku tambaye ni ko na yafe wa Mukhtar, ban kai nan ba. A lokacin Inna kawai nake kallo. Ta ɗan ɗage labule ta leƙa tsakar gida, ba kowa sai tukunya tana tafasa da tabarmi a shimfiɗe. Ta saki labulen, ta ninke jiƙaƙƙen ɗankwalin a cinyarta.

"Ki koma," ta ce. "Ki hwara da gidan su Mukhtar."